Yadda na fitar da kiɗana na farko a Kano, daga ɗaukar sifika har ya hau intanet

Wata goma sha ɗaya na kwashe tsakanin ranar da na gama haɗa kiɗana na farko da ranar da ya hau intanet da sunana, alhali aikin bai fi na wata uku ba. Sauran watannin sun tafi ne wajen komawa baya ina warware abin da na ƙulla cikin rashin sani. Ƙannena a sana'a da ke tare ni a wuraren biki suna cewa "Yaya, ta ina ake farawa?" su na rubuta wa wannan, don kada su bi ta inda na bi.

A 2021 na shiga harkar, kuma ba a gaban kwamfuta na fara ba. Wani maigida ne a unguwarmu mai ba da hayar kayan sauti ya ɗauke ni yaron aiki. Mu loda sifiku a 'yar ƙurƙura, mu sauke a gidan biki, mu ja waya, mu tayar da janareta, in an tashi mu naɗe. Naira 1,500 zuwa 2,000 nake samu a biki ɗaya. Wata bakwai ban taɓa mikisa ba, wato na'urar haɗa sauti, sai dai in goge ta. A lokacin abin yana ci mini rai, amma a nan na koyi abubuwan da har yau da su nake cin abinci: amfilifaya ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa, in jar fitila ta fara haskawa a mikisa to kana gab da ƙona sifika, da zarar an kira salla ana kashe kiɗa, ko amarya ce a tsakiyar fili. Na kuma koyi karanta taro. A yinin biki iyaye mata kiɗan ƙwarya da amada suke jira, 'yan mata kuma nanaye da amapiano. In ka ba wa ɓangare ɗaya ka manta da ɗayan, uwar biki za ta aiko a ja maka kunne, kuma ba za a sake kiranka a wannan dangin ba.

Da adashi na sayi kayana a 2022. Laftof na hannu a Beirut Road, naira 95,000, sai na'urar DJ ƙirar Pioneer DDJ-400, ita ma ta hannu, naira 140,000 a wurin wani da zai bar sana'ar. Kafin ka biya kuɗin irin wannan na'ura, ka haɗa ta da kwamfuta a gaban mai ita, ka murɗa kowane maɓalli, ka ja kowane maja daga ƙasa zuwa sama kana saurare da abin kunne, domin wanda ya ci ƙura yana ƙara kamar ana yaga takarda. Da ita na koyi ainihin aikin DJ, wato daidaita gudun kiɗa biyu har su hau kan juna, ka fita daga wannan ka shiga wancan mai rawa bai ji an sauya ba. Ana auna gudun da yawan bugu a minti ɗaya. Amapiano, wanda ya fito daga unguwannin baƙar fata na Johannesburg da Pretoria, yana tafiya ne wajen bugu 110 zuwa 115. Kakansa kuwa, kiɗan hawus da ya tashi a Chicago ta Amurka a shekarun 1980 a hannun irin su Frankie Knuckles, ya fi shi sauri, yana kaiwa 120 zuwa 128. A 2022 ɗin ce kuma Black Coffee na Afirka ta Kudu ya ci kyautar Grammy a rukunin kiɗan rawa, abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Mutum ne da ya fara da saka kiɗan wasu, ya koma ƙera nasa da sautin ƙasarsu. Na ce ni ma ba zan ƙare a saka na wasu ba.

Farkon 2023 na je wani situdiyo a Zoo Road, inda yawancin situdiyoyin waƙa na Kano suke, na biya naira 40,000 na koyo wata uku. Ogan wurin aikin nanaye ya fi yi, da fiyano Yamaha da manhajar FL Studio. Sharaɗinsa shi ne in zauna a bayansa in yi shiru yana aiki da mawaƙa, in sun tafi ya ba ni awa ɗaya. Sau da yawa awar nan ba ta samuwa, ko a ɗauke wuta ko wani mawaƙi ya shigo da gaggawa. Bayan an cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar, kuɗin awa ya tashi a ko'ina domin janareta ke riƙe da situdiyo, sai na koma yin yawancin aikina a ɗaki da abin kunne, tsakar dare in an kawo wuta.

A ɗakin nan tunanin ya zo mini. Abin da ke bambanta amapiano shi ne gangar nan mai kauri da ake kira log-diram, wadda sautinta ke lanƙwasa ya sauka ya hau. Wata rana ina wasa da ita sai na ji kamar kalangu ne ake matsawa a hammata. Na ɗauko wani tsohon kaset na mahaifina, na wani shahararren mawaƙin gargajiya da ya daɗe da rasuwa, na juye shi a kwamfuta, na yanko daƙiƙa takwas inda kalangu ke tafiya shi kaɗai babu murya. Na ɗora shi a kan bugu 112, wani abokina mawaƙi ya sa baiti takwas da amshi. A watan Yuli na gama. Na gwada shi a bukukuwa uku, a duk ukun sai da aka ce in maimaita, iyaye da 'ya'ya a fili ɗaya. Daga nan na ga babu abin da ya rage sai saki.

Mutum ba ya ɗora waƙa da kansa a Spotify ko Apple Music, sai ta hannun kamfanin rarraba waƙa, irin su DistroKid da TuneCore da makamantansu. Wanda na zaɓa dala ashirin da ɗoriya yake karɓa a shekara. A lokacin yawancin katunan banki na naira ba sa biyan kuɗi a waje, sai da na yi sati biyu ina neman mai katin dala, na ba shi naira ya biya mini. Na ɗora waƙa, na cike komai, na sanar da abokai ranar fita. Kwana tara bayan nan saƙo ya shigo ta imel cewa an gano sautin wani a cikin waƙar, in turo takardar izini ko a janye ta. Na karanta ya fi sau biyar. Gabana ya faɗi, domin har ga Allah ni a sanina kiɗan gargajiya na kowa ne, kuma mai shi ya rasu.

Yayana ne ya haɗa ni da wani abokinsa lauya. Na same shi a ofis bayan la'asar, ya saurari waƙar har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Ƙanina, kiɗa ya yi daɗi, amma ba naka ba ne kai kaɗai." Ya bayyana mini cewa a dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, shi kuma sautin da aka naɗa yana da nasa haƙƙin daban na shekara 50. Ya ba ni misali da Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999: lissafa ka gani, waƙoƙinsa suna hannun magada har wajen 2069. Abin da ya fi shiga jikina shi ne da ya ce, "Ka ajiye maganar doka. Wannan gado ne. Akwai 'ya'ya da jikoki, wataƙila da marayu a ciki. Za ka ci?" Ban iya ba shi amsa ba. Ya ce hanya biyu ce, ko in nemi magada da wanda ya naɗi kaset ɗin su ba ni izini a rubuce, ko in nemi makaɗi mai rai ya kaɗa mini sabon kiɗa. Bai karɓi ko kwabo ba. Na koma gida na janye waƙar da hannuna, kuma na daina saka ta a biki. Wata biyu ban buɗe FL Studio ba.

Neman makaɗi ya fi yadda na zata wuya. Kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, don haka wani mai nama a layinmu na tambaya, shi ya tura ni kwata, a kwata aka tura ni gidan dambe, a can aka nuna mini wani dattijo da ya haura sittin. Zuwan farko gaisuwa kawai na yi, na ajiye goro. Na biyu na faɗi abin da ke tafe da ni, ya ce zai yi shawara. Sai a na uku, da na sa masa abin kunne ya ji log-diram ɗin ita kaɗai, ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai kalangun Turawa ne, sai dai ba ya magana." Ya yarda zai zo.

Ranar naɗin ba zan manta da ita ba. Na kama awa uku a situdiyo, naira 5,000 kowace awa. Baba ya zo da babban ɗansa, ya zauna a kan tabarma domin ya ce ba ya kiɗa a kujera, muka sauko da makirufo daidai bakin kalangun. Na sa masa ƙarar nan mai ƙirga bugu a kunne, tik tik tik, don ya bi. Ya fara, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Sai ya zare abin kunnen ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, cire mini agogon nan. Ni da mutum nake kiɗa, ba da agogo ba." Awa ɗaya ta riga ta tafi, gumi ya jiƙa mini riga. Ogan situdiyo ne ya ce in kashe ƙirgan, in bar masa kacau-kacau da muryar mawaƙin kawai. Da Baba ya ji murya sai kafaɗarsa ta saki. Ya matse tsirkiyar da hammata, ya saki, kalangun ya riƙa amsa wa baitin kamar mutum biyu na zance a zaure. Ɗansa ya sunkuyo ya raɗa mini cewa kirarin mahauta yake yi. Minti goma sha huɗu ya yi bai tsaya ba, ni kuwa na manta ma ina naɗa.

Da na zauna gyara na gane dalilin da agogon ya hana shi. Tafiyar kalangunsa uku-uku take, amapiano kuma huɗu-huɗu, kuma daɗin yana wurin da suke saɓawa su sake haɗuwa. Da farko na ja kowane bugu nasa na daidaita shi a kan layin manhaja, sai kiɗan ya mutu murus, ya zama kamar na inji. Na mayar da shi yadda ya kaɗa, na gyara wurare huɗu kawai. Sai matsala ta biyu, kalangu da log-diram suna danne juna domin dukkansu lanƙwasa suke yi. Maganin da na samu shi ne in rage wa kalangu kaurin ƙasa in bar wa log-diram, sannan in hana su magana lokaci ɗaya: wannan ya yi kira, wancan ya amsa. Wannan kira da amsa shi ya zama salona har yau, kuma da yankin kaset na ci gaba da amfani da ban taɓa gano shi ba.

Kafin Baba ya bar situdiyo a ranar mun yi takarda. Lauyan nan ne ya tsara mini ita da Hausa, shafi ɗaya. Na karanta da ƙarfi, ɗansa ya sake karantawa, Baba ya dangwala yatsa, ogan situdiyo ya sa hannu a matsayin shaida. Naira 25,000 a hannu, da kashi 20 cikin ɗari na duk abin da waƙar ta kawo daga intanet, da sunansa a jerin waɗanda suka yi aikin. Mawaƙin ma mun yi irinta, duk da abokina ne tun firamare. Ya ɗan ji babu daɗi da farko, ya ce ko ban yarda da shi ba ne, na ce yardar ce nake so ta ɗore.

Azumin 2024 babu bukukuwa, sai na yi amfani da shi wajen takardu. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ta intanet ake yi, ana bukatar lambar NIN da hoto da sa hannu. A lokacin naira 500 ne kuɗin ajiye suna, rajistar kuma 10,000. Sunan da na fara zaɓa ya yi kama da na wani da ya riga ni, sai na sake biya na ba da wani. Ka tanadi suna biyu ko uku tun daga gida. Satifiket ɗin a waya na sauke shi, da shi na buɗe asusun banki da sunan sana'a, kuma shi ne abin da manyan wuraren taro suke fara tambaya kafin su saka ka cikin masu yi musu aiki.

Bayan ƙaramar salla na nufi Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano. Tun 2001 aka kafa ta, kuma ba 'yan fim kaɗai take kula da su ba, har da mawaƙa. A 2023, bayan an naɗa Abba El-Mustapha shugabanta, an soke tsofaffin lasisi aka ce kowa ya sake rajista, don haka kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka na shekarun baya. Ka je da ƙafarka ka tambayi abin da ake bukata da kuɗin da ake biya. Ni zuwan farko da filashi kawai na je. Jami'in da na samu ya amsa gaisuwata ya ce, "Malam, ina baitocin a rubuce?" Ban zo da su ba. Na koma na buga su a takarda, na haɗa da hotuna da katin shaida da kwafin takardar CAC da shaidar biyan kuɗi, na kai. Da na dawo karɓar sakamako aka nuna mini kalma ɗaya a baiti na shida da aka ja wa layi. Kalma ce da samari suka mayar da ita zaurance mai fuska biyu. Na ce, "Yallaɓai, wallahi ba wannan muke nufi ba." Ya ce ya sani, amma waƙar biki ce, yara za su haddace ta. Na ga gaskiyarsa. Sai dai na riga na biya naira 15,000 an yi mini gyaran ƙarshe na sauti, abin da 'yan situdiyo ke kira mastarin. Sauya kalma ɗaya ya sa na dawo da mawaƙi, na sake kama awa, na sake biyan mastarin.

Ɗorawa ta biyu ta tafi lafiya domin na riga na san ramukan. Sautin a tsarin WAV ake so, ba MP3 ba. Hoton bango murabba'i, 3000 a tsaye 3000 a kwance, kuma kada ka rubuta lambar waya a kai kamar yadda muke yi a fastar biki, za a dawo maka da shi. Akwai fom na harajin Amurka mai suna W-8BEN da wanda ba ɗan ƙasar ba yake cikewa. Na sa ranar fita sati huɗu gaba, ta faɗo bayan babbar salla, lokacin da bukukuwa ke dawowa. A Audiomack kuwa da kaina na ɗora, kyauta.

Maganar kuɗi, gara ka ji ta tun yanzu. Wata uku na farko ban ga komai ba, domin rahoton yana zuwa a makare. A Spotify kuma, tun 2024, waƙar da ba a saurara sau 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba ba ta samun ko sisi. Mutanenmu a Kano yawanci ba ta nan suke jin waƙa ba. A TikTok suke tsintarta, ko a tura musu ta Xender, ko su je wurin masu tura waƙoƙi a waya. Ni da kaina na zaga Farm Centre na ba masu turawa waƙar kyauta, da sunana a farkonta da ƙarshenta. Abin da ya dawo mini shi ne kira. Kafin waƙar naira 30,000 nake karɓa a yinin biki, bayanta na kai 70,000, kuma ana kirana ne saboda ana son a ji kiɗan daga hannun mai shi.

Da zan sake daga farko, ga yadda zan jera. In fara rubuta baitoci in kai a duba tun kafin a shiga ɗakin naɗi, balle mastarin. In yi rajistar CAC tun ina yaron aiki, domin ba ta jiran waƙa. Duk sautin da ba ni na ƙera shi ba, ko na kaset ne ko na wani bidiyo a waya, kada ya shiga aikina sai da takarda. Duk wanda ya sa hannu ko murya a waƙa mu rubuta kasonsa a ranar, kafin kowa ya san ko za ta karɓu. In ajiye aikin a wuri biyu, domin laftof na hannu ba ya sallama in zai mutu. Kuma kada in sanar da ranar fita sai na ga saƙon amincewa da idona.

Kuɗin farko da na cira daga intanet, da aka canza shi aka fitar da kason Baba, kason nasa naira 3,400 ne. Na sa a ambulan na kai masa gida da yamma, na same shi a ƙofar gida yana sauya wa kalangu fata. Na nuna masa lissafin a waya, ɗansa ya karanta masa. Ya ƙirga kuɗin, ya sa a aljihu, ya sa mini albarka. Da na miƙe zan tafi ya ce, "Ɗana, in za a sake, ka faɗa mini da wuri. Akwai yaron da ke riƙe mini ɗan karɓi, da shi za mu zo, wancan karon kiɗan bai cika ba." Mun sa rana bayan Mauludi.